Katin Asibiti Ba Ya Mantuwa: Abin da Mai Jinya Za Ta Sani Bayan Haɗarin Mota

  A makon nan zancenmu zai bar madafi ya nufi asibiti, domin akwai wata magana da ta shafe mu ƙwarai, amma ba safai a kan zauna a yi mana bayaninta ba. Maganar kuwa ita ce ta rubutun da a ke yi game da wanda haɗarin mota ya rutsa da shi, da yadda rubutun nan ke komawa kuɗi, da wanda nauyin biyan kuɗin ke kansa. Allah Ya tsare mu, amma sanin abu tun bai zo ba, ba kiransa ba ne.

Kun dai san yadda abin ya ke. In mota ta yi haɗari, maza ne ke cika bakin hanya, su ne ke ɗaukar wanda ya ji ciwo su kai asibiti. Kwana biyu, kwana uku, 'yan dubiya na ta zuwa da lemo da ayaba. Kafin mako ya kewayo ƙafa ta ɗauke, kowa ya koma sabgarsa. Wa a ke bari da tabarma da buta da kwanon abinci? Galibi mace ce, ko uwa, ko mata, ko ya, ko ƙanwa. Ita likita ke yi wa tambaya, ita a ke miƙa wa 'yar takarda a ce je ki biya.

Abin kuwa ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2021 mutum wajen miliyan 1.19 ne suka mutu a kan hanyoyin duniya, ban da miliyoyin da suka tsira da rauni, kuma babu abin da ya kai haɗarin hanya kashe yara da matasa 'yan shekara 5 zuwa 29. A nan Nijeriya, Hukumar Kiyaye Haɗura ta ce a 2024 mutum 5,421 suka rasu, sama da 31,000 suka ji ciwo, waɗannan kuwa su ne kaɗai waɗanda labarinsu ya kai kunnen hukuma. Ga shi kuma a ƙasar nan fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da a ke kashewa wajen neman lafiya daga aljihun mutane ya ke fita. In aljihun mai gida ya ƙare, ke ma kin san inda a ke juyowa: 'yan kunnenki, da akuyarki, da kayan ɗakinki, da kuɗin adashin da ki ke tarawa don auren 'ya. Sabo da haka ba shisshigi ba ne in kin nemi ki san abin da a ke rubutawa.

INA KATIN KE ZUWA?

Sa'ad da aka kai majinyaci, a kan buɗe masa kati, likita ya duba shi, ya rubuta abin da ya gani da abin da aka gaya masa. Yawancinmu muna tsammani daga nan katin ya gama aikinsa. A'a, yanzu ya soma. A manyan asibitoci, in an sallami mutum, fayil ɗinsa ya kan koma ɗakin kati, inda a ke da ma'aikata waɗanda aikinsu shi ne su karanta rubutun likita su mai da shi lamba. Ba su ga majinyacin ba, ba su ji kukan kowa ba. Abin da ke kan takarda kaɗai su ke gani, abin da likita bai rubuta ba kuwa, a wurinsu bai faru ba. Mu da aka koya wa aikin malanta mun san irin wannan. Yaron da ba a sa sunansa a rajista ba, ko kullum yana zaune a aji, ran da za a raba littattafai ba shi da kaso.

Lambobin nan ba ko wane asibiti ke ƙago nasa ba. Littafi guda ne duniya ta amince da shi, wanda ya jera cututtuka da raunuka duka, ko wanne da lambarsa, a na kiransa ICD a taƙaice. Za ku so ku ji cewa mace na cikin waɗanda suka fara kiran a yi haka. A 1860, a wani taron masana ƙidayar jama'a a Landan, Florence Nightingale, matar nan da ta gyara aikin jinya a Ingila, ta ba da shawara asibitoci su riƙa rubuta cututtuka bisa tsari ɗaya, don a iya gwada na nan da na can. A 1893 aka karɓi jerin dalilan mutuwa da wani likitan Faransa, Jacques Bertillon, ya shirya. A 1948 Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi ragamar littafin, aka shigar da ciwon da bai kai ga mutuwa ba. An amince da bugu na goma a 1990, na goma sha ɗaya kuma ya soma aiki a farkon 2022, amma ƙasashe da yawa ba su riga sun gama barin na goma ba, don haka da shi zan yi muku misali.

LAMBA BIYU

Wanda ya yi haɗari lamba biyu a kan ba shi. Ta farko tana faɗin abin da ya sami jiki, ta biyu tana faɗin abin da ya jawo shi.

Lambar rauni ta kan soma da harafin S, sa'an nan ta bi jikin mutum daga kai har tafin ƙafa, kamar yadda ki ke yi wa jariri wanka. Daga S00 zuwa S09 na kai ne, S10 zuwa S19 na wuya, masu 20 na ƙirji, masu 30 na ciki da ƙugu, masu 40 na kafaɗa da damtse, haka dai har a kai masu 70 na cinya, masu 80 na gwiwa da ƙwauri, masu 90 na idon sawu da tafin ƙafa. Lambar ƙarshe kuma ita ke faɗin irin ciwon. In 0 ce, ƙujewa ce ko ɓarin jini a ƙarƙashin fata. In 1 ce, buɗaɗɗen rauni ne. In 2 ce, karaya ce. In 3 ce, targaɗe ne ko gocewar ƙashi. Kin ga ke nan ko ba ki taɓa shiga makarantar likita ba, in kin ga S72 kin san karayar cinya ce, S22 karaya ce a ƙirji, kamar ta haƙarƙari, S13 kuwa wuya ne ya gurɗe, irin abin da kan sami mutum in an buge motarsu ta baya kansa ya fizgu.

Lambar dalili ta kan soma da V, harafin da babu shi a baƙaƙenmu na boko. Ita kuwa tambaya uku ta ke amsawa: mene ne mutumin ke kai, da me suka yi karo, kuma a ina ya ke zaune. Daga V01 zuwa V09 na mai tafiya a ƙasa ne. Masu 10 na mai keke, masu 20 na mai babur, masu 30 na mai ƙafa uku, watau irin A Daidaita Sahu, masu 40 na ƙaramar mota, masu 50 na akori-kura, masu 60 na gingimari da tirela, masu 70 na bas. Kai, har wanda ke kan jaki ko cikin amalanken shanu ba a manta da shi ba, V80 ce tasa. Lamba ta biyu tana nuna abokin karo: 3 ƙaramar mota ce, 4 babbar mota ko bas, 7 abin da ke tsaye kamar itace ko turken lantarki, 8 kuwa in ba a yi karo da kome ba, motar ce ta kife. Bayan ɗigo sai a nuna ko direba ne, ko fasinja, ko mai hawa ko sauka, har da wanda ya ɗare kan rufin mota.

Bari mu gwada. A ce ƙanwarki tana cikin A Daidaita za ta gidan suna, ƙaramar mota ta buge su a kan titi, ta karye a ƙwauri. Za a rubuta mata S82.2, watau karayar tsakiyar ƙashin ƙwauri, sa'an nan V33.6, watau fasinjar mai ƙafa uku da ƙaramar mota ta buge a kan hanya. Duk likitan da ya ga lambobin nan biyu, ko a Masar ya ke ko a Indiya, ya ji labarin duka. Amma a ce a cikin ruɗewa aka ce wa likita haɗari ta yi kawai, aka yi shiru. Sai mai ba da lamba ya rasa ta cewa, ya jefa ta cikin V89.2, wadda ma'anarta ita ce an ji ciwo a haɗarin mota, ba a san wane iri ba. In kuwa cewa aka yi faɗuwa ta yi, don gudun maganar 'yan sanda, to an raba karayar da motar ke nan har abada a kan takarda.

YADDA LAMBA KE ZAMA KUƊI

Babu inda sana'ar nan ta yi ƙarfi kamar Amurka, domin a can kusan ko wace allura sai an rubuta mata takardar neman biya a aika wa kamfanin inshora. Ran 1 ga Oktoba 2015 suka koma aiki da nasu faɗaɗaɗɗen bugu na goma, mai lambobi wajen 70,000. A nasu, karayar ƙanwarki za ta zama S82.201A in ƙafar dama ce, S82.202A in ta hagu ce. Harafin A na ƙarshe yana nufin a na tsakiyar yi mata magani. In ta dawo don a duba yadda ƙashin ke haɗewa sai a sa D, in kuwa bayan shekaru ta zo da ɗingishin da karayar ta bar mata sai a sa S.

Ban da wannan suna da wani littafi na biyu, wanda ƙungiyar likitocinsu ta fara bugawa a 1966, mai ba da lamba ga ko wane aiki: hoton ƙashi da tasa, ɗinki da tasa, tiyata da tata. A kan lambar aiki a ke sa farashi, lambar ciwo kuwa ita ce hujjar yin aikin. In biyun ba su dace ba, a ce an nemi kuɗin hoton ƙafar hagu alhali karaya a dama aka rubuta, sai kamfani ya mai da takarda, babu biya. A jikin takardar neman biyan akwai wurin da a ke tambaya ko ciwon daga haɗarin mota ne, da ranar da ya faru, domin amsar ita ke nuna wa zai fara biya, inshorar mota ko ta lafiya. Lokaci ma a ƙayyade ya ke. A jihar Niyok kwana 30 a ke ba wanda ya ji ciwo ya sanar da kamfani, asibiti kuma kwana 45 ya aika da lissafi. A jihar Filorida, tun daga 2013, wanda bai je an duba shi cikin kwana 14 da haɗarin ba, ya rasa haƙƙin da inshorar motarsa za ta biya masa na magani.

Kada ki ce wannan sha'anin Turawa ne. Dangi da ke zaune a zangon Kumasi da Ankara za su gaya miki cewa a Gana, inda aka kafa inshorar lafiya ta ƙasa a 2003, kuma raunin haɗarin mota na cikin abin da ta ke ɗauka na gaggawa, tun 2008 a ke tara cututtuka rukuni rukuni, ko wane rukuni da farashinsa. Lambar da aka rubuta ita ke nuna rukunin, rukunin kuma shi ke nuna abin da za a biya asibiti. Mu ma nan hanyar da aka dosa ke nan, tun da dokar da aka sa wa hannu a watan Mayu 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa a Nijeriya, jihohi kamar Kano da Kaduna kuma suna da hukumominsu na taimakekeniyar lafiya. Duk inda wani ne zai biya maka, sai ya nemi hujja a rubuce.

TO, MU A NAN WA ZAI BIYA?

Da farko ki riƙe wannan. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta hana ko wane asibiti ko ma'aikacin lafiya ƙin ba mutum taimakon gaggawa bisa ko wane dalili, ta kuma yanka tarar N100,000, ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko duka biyu. Watau ceton rai shi ne gaba, maganar kuɗi da ta 'yan sanda su biyo baya. Amma dokar ba ta ce jinyar duka kyauta ce ba. Lissafi na nan tafe.

Na biyu, ko wace mota da ke bin titi tilas ne ta kasance da inshorar da za ta biya wanda ta yi wa ɓarna ko rauni. Wannan ba sabon abu ba ne, dokarsa ta samo asali tun 1945, zamanin Turawa. A farkon 2023 aka ɗaga kuɗinta ga motar gida daga N5,000 zuwa N15,000 a shekara, a watan Fabrairu 2025 kuma 'yan sanda suka tashi tsaye wajen binciken ta a hanya. Mutane da yawa sun ɗauka takarda ce ta nuna wa ɗan sanda kurum, ba su san don wanda aka buge aka yi ta ba. Ga wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshora irin ta Turawa ba, akwai kamfanonin takaful masu bin tsarin Musulunci. Sai dai a yi hattara, akwai takardun jabu da yawa. Kamfanonin inshora suna da rumbun ajiya a intanet inda a ke sa lambar mota a ga ko tata ta gaskiya ce, yaronki mai waya zai iya duba miki.

Na uku, in majinyaci na da katin inshorar lafiya, ta wurin aiki ko ta jiha, a nuna shi tun ran farko. Manyan ayyuka kamar tiyata su kan bukaci lambar izini daga masu inshorar, asibiti ne ke nemanta. Ki tambaya ko an nema, don kada a yi aiki a gama sa'an nan a ce ba da saninsu ba.

Ko wanne daga cikin masu biyan nan abu uku zai nema: rahoton 'yan sanda, da rahoton likita, da rasit. Zai jera su ya ga ko bakinsu ya zo ɗaya. In ɗan sanda ya ce ran Talata, kati ya ce ran Alhamis, ko ɗan sanda ya ce mota, kati ya ce faɗuwa, magana ta lalace.

Akwai kuma wani abu da kan faru a zaure, ke kina can gindin gado. Direba ya kan zo da dattawan unguwarsu, a ce ƙaddara ce, a yi haƙuri. Gaskiya ne ƙaddara ce, yafiya kuma halin mutanen kirki ce. Amma kuɗin inshora ba daga bakin 'ya'yan direba za a cire shi ba, don irin ranar nan ya biya tun farko. Sa'an nan ran da aka yi haɗari ba wanda ya san ko ƙafar nan za ta bukaci ƙarfe, ko wata nawa za a yi ba a fita nema ba. Sai ki ja mai gida gefe cikin ladabi ki ce, "Malam, a karɓi gaisuwarsu, amma a dakata da sa hannu a kan kome sai an ji ta bakin likita."

RANAR WANKA BA A ƁOYON CIBI

Ga abin da za ki tabbata ya shiga kati tun ran farko.

Na ɗaya, suna. A rubuta sunan yanka kamar yadda ya ke a katin shaida. Mu mata mun saba da alkunya, ba mu faɗin sunan miji ko na ɗan fari, sai a rubuta Baban Wance ko wani laƙabi. In kunya ta hana ki, miƙa katin shaidarsa, ko ki sa wani ya faɗa. Sunan da ya saɓa ya isa ya hana biya.

Na biyu, labarin haɗarin: rana, da lokaci, da wuri, da abin da ya ke kai, da abin da ya buge shi, da inda ya ke zaune. In wani ya riƙe lambar motar, a rubuta ta nan da nan kafin ta bi ruwa. In da goyo a bayan uwa, a buɗe masa nasa katin dabam, ko da ya yi shiru yana wasa.

Na uku, ciwo duka, ba babban kaɗai ba. Karaya ta kan ɗauke hankalin kowa, a manta da wuya mai ciwo, da haƙorin da ya girgiza, da cikin da ke murɗa. Ki faɗa in ya suma ko da na ɗan lokaci ne, ko ya yi amai, ko ya kasa tuna abin da ya faru. Jini na iya taruwa cikin kai ko cikin ciki, musamman in saifa ta fashe, mutum yana magana garau, sai bayan sa'o'i abin ya bayyana. Faɗin nan na iya ceton ransa yau, gobe kuma ya zama hujja, domin ciwon da aka fara rubutawa bayan mako uku, mai biya zai ce ba na haɗarin ba ne.

Na huɗu, ciki. Na san yadda yarinya mai cikin fari ta ke, ko uwarta ba ta iya gaya wa. Amma nan ba wurin kunya ba ne. Likita na bukatar ya sani kafin ya sa a ɗauki hoto ko ya ba da magani, kuma buguwa na iya raba mabiyiya da jikin mahaifa ko babu ƙwarzane a waje. In ita ba za ta iya ba, ke ki raɗa wa nas: "Sista, don Allah a lura, tana da juna biyu."

Na biyar, maganar ɗori. Sau da yawa dangi kan taru su ce a ɗauke shi a kai wa mai ɗori, ya fi sauƙin kuɗi. Ba na rena sana'ar kowa, amma ku sani ɗaurin da ya matse ƙwarai na iya tsai da jini har gaɓa ta ruɓe, karayar da ƙashi ya huda fata kuwa ta asibiti ce, irin su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano don haka aka gina su. Ban da haka, kafin a fita za a sa ku sa hannu cewa kun tafi ba da yardar likita ba, daga nan rubutu ya yanke, babu rasit, babu rahoto. Duk shawarar da za a yanke, a tabbata an ɗauki hoton ƙashi, an kuma karɓi bayanin likita a rubuce.

KARANTA TAKARDAR KUƊI

Ki sami jaka guda ta leda mai kauri, ko gwangwani mai murfi, ya zama gidan takardu. Duk abin da aka biya, kome ƙanƙantarsa, a karɓi rasit: kuɗin kati, da na gado, da na hoto, da na ƙarin jini, da na magani, har wanda aka sayo a kemis na waje, a haɗa shi da takardar da likita ya rubuta maganin. Rasit irin na inji ya kan koɗe cikin 'yan watanni, sai a ɗauki hotonsa da waya tun yana sabo. Ki sami ɗan littafi irin na 'yan makaranta ki riƙa rubuta kwanan wata da abin da aka yi da abin da aka biya, da boko ko da ajami, duk wanda hannunki ya fi sabawa. In ba ki rubutu, 'yarki ta firamare ta isa.

Ran sallama kada ki yarda da jimla kaɗai. Ki roƙi a ba ki lissafi filla-filla. Wannan haƙƙinki ne, yana cikin kundin haƙƙoƙin majinyata da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a watan Yuli 2018, wanda ya ce a bayyana wa mara lafiya kuɗin da a ke nema a wurinsa ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Ki zauna ki gwada shi da littafinki. Kwana nawa aka rubuta na gado, nawa kuka yi? Hoto nawa aka ɗauka? Ledar jini nawa aka ƙara, nawa dangi suka bayar? Maganin da kuka sayo da kanku, an sake sa shi a lissafi? Dama aka rubuta ko hagu? Masu aikin nan mutane ne, suna fama da ɗaruruwan katuna a yini, kuskure ba abin mamaki ba ne. Ba da faɗa za ki je ba. Ki ce, "Malam, don Allah a taimaka a duba mini nan, ban gane ba." Matambayi ba ya ɓata. Gyaran da za a yi cikin minti biyar kuna asibiti, in kun koma gida sai ya ci zirga-zirgar wata guda.

Kada kuma a tafi ba a nemi rahoton likita ba, wanda zai faɗi raunin, da dalilinsa, da aikin da aka yi, da abin da ya saura. A riƙa komawa ranakun da aka ce a koma, domin ko wace komawa shaida ce cewa jinya ba ta ƙare ba.

Wata za ta ce, mu da ba wanda zai biya mu, mene ne amfanin duk wannan? Akwai amfani. Daga lambobin nan a ke tara lissafin da hukuma ke dubawa ta san ko 'yan babur ne suka fi jin ciwo, ko yara masu tsallaka titi, ta san inda ya kamata a sa gada ko motar ɗaukar marasa lafiya. Labarin da ki ka ba likita daidai, yana iya zama sanadin gyaran hanyar da 'ya'yanki ke bi zuwa makaranta.

Daga ƙarshe, iyaye mata, ku sani aikin ɗakin kati sana'a ce da a ke koyarwa a makarantun koyon aikin lafiya, tana da hukumar da ke yi wa masu ita rajista. Yarinya mai natsuwa, mai kyawun rubutu, mai riƙe sirri, wadda ba ta son ganin jini amma tana son aikin asibiti, ga wurinta. Ku kuma rubuta 122, lambar kiran gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗura, ku koya wa yara ita kamar yadda ku ke koya musu sunan unguwarsu.

Allah Ya kiyaye mana hanya, Ya ba marasa lafiya sauƙi, Ya saka wa masu jinya da alheri. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.